FASHIN BAƘI: Abin da gwajin AMH ke faɗa wa mace mai neman haihuwa, da abin da shekarunta ke yankewa

Akwai wani gwajin jini da sunansa ya fara yawo a bakin matasan mata a Abuja da Legas da Kano, musamman waɗanda karatu ko aiki ko rashin dace da miji ya jinkirta wa aure. Ana kiransa AMH. Ɗakunan gwaje-gwaje da asibitocin haihuwa masu zaman kansu suna tallarsa a shafukan sada zumunta a matsayin ma'aunin da zai gaya wa mace sauran lokacin da ya rage mata na haihuwa. Wadda sakamakonta ya fito ƙasa takan koma gida cikin tashin hankali, tana ganin an rufe mata ƙofa. Wadda nata ya fito sama kuwa takan saki jiki, ta ɗauka tana da sauran shekaru masu yawa a gaba.

Binciken likitoci na shekaru ashirin da suka wuce ya nuna cewa su biyun duka sun karanta takardar a karkace. Gwajin yana ba da labarin yawan ƙwan da ya rage a jikin mace. Ingancin ƙwan, wato ko zai zama ciki ya zauna har a haifi ɗa, shekarun mace ne suka fi yanke hukunci a kansa. Rarrabe waɗannan abubuwa biyu shi ne ke tsakanin iyalin da suka kashe kuɗinsu a kan lokaci da waɗanda suka sayar da fili bayan lokacin ya wuce.

Rumbun da ba a ƙara masa hatsi

Jikin namiji yana ƙera sabon maniyyi tun daga balaga har tsufa, kowane rukuni yana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ya nuna. Mace kuwa da ƙwanta gaba ɗaya ake haihuwarta, a cikin ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa, kuma ba a ƙara mata ko ɗaya har ƙarshen rayuwarta.

Alƙaluman da ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta tattara sun nuna cewa 'ya mace tana da ƙwai miliyan 6 zuwa 7 tun tana mako 20 a cikin mahaifiyarta. Kafin ranar haihuwa adadin ya sauko zuwa miliyan 1 zuwa 2. A lokacin balaga saura 300,000 zuwa 500,000, a shekara 37 saura kimanin 25,000, sannan a shekara 51, wadda ita ce matsakaiciyar shekarar ɗaukewar al'ada a can, saura wajen 1,000.

Cikin wannan tarin, ƙwai 400 zuwa 500 ne kawai mace ke saki a tsawon rayuwarta. Sauran suna shanyewa da kansu, kowace rana, ko tana da aure ko ba ta da shi, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko tana shan maganin tazarar haihuwa. Don haka maganin tazara ba ya adana ƙwai, kuma ba ya ƙarar da shi. Rumbu ne da aka cika sau ɗaya, ana ta ɗiba ba a zubawa.

Daga ina AMH yake fitowa

Kowane ƙwai yana zaune ne a cikin wata 'yar jaka. A kowane lokaci akwai rukunin jakunkuna da suka farka daga barci suka fara girma, kuma ƙwayoyin da ke bangon waɗannan ƙananan jakunkuna ne ke fitar da sinadarin homon da ake kira AMH. Idan jakunkuna masu tasowa suna da yawa, sinadarin yakan yi yawa a jini. Idan sun ragu, shi ma ya ragu. Da yake yawan masu tasowa yana bin yawan waɗanda suka rage a ajiye, likitoci suna amfani da shi wajen kimanta abin da ke cikin rumbun.

Wani masani Bafaranshe, Alfred Jost, shi ne ya gano aikin sinadarin a 1947, a binciken da ya yi kan 'yan tayin zomo. Abin da ya gani shi ne cewa sinadarin yana hana mahaifa fitowa a jikin ɗan tayi namiji. Sai a farkon shekarun 2000 aka fara amfani da shi wajen auna ajiyar ƙwan mace.

Yawan AMH yana ƙaruwa daga ƙuruciya har ya kai ƙololuwa wajen shekara 25, daga nan sai ya dinga sauka, har ya ɓace daga jini kimanin shekara biyar kafin al'ada ta ɗauke. Ana iya ɗibar jinin a kowace rana ta wata. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamakon da ma'aunin nanogiram, wasu da fikomol, kuma nanogiram 1 daidai yake da fikomol 7 da 'yan kai. Wadda ba ta lura da wannan ba tana iya kwatanta takardarta da ta ƙawarta ta firgita a banza. Haka kuma na'urorin gwajin sun bambanta, jini ɗaya yana iya ba da lamba biyu a wurare biyu.

Akwai wasu ma'aunai biyu da ake haɗawa da shi. Na farko shi ne sinadarin FSH, wanda wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aikawa don ya zaburar da ma'ajiyar ƙwai. Ana auna shi tsakanin rana ta biyu da ta huɗu da fara al'ada. Shi lissafinsa a juye yake: idan ajiya ta ragu, ƙwaƙwalwa takan ƙara yawan saƙon, kamar mai ɗaga murya ga wanda ba ya ji sosai, don haka hawansa sama da 10 alama ce ta raguwa. Sai dai yakan yi hawa da sauka daga wata zuwa wata, kuma yana makara wajen nuna matsala. Na biyu shi ne hoton ciki, wato sikanin, inda likita ke ƙirga ƙananan jakunkunan da idonsa.

Abin da gwajin ba ya iya faɗa

A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga wani bincike da Dakta Anne Steiner ta jagoranta a jihar Karolina ta Arewa. An bibiyi mata 750 masu shekara 30 zuwa 44, waɗanda ba su da tarihin matsalar haihuwa kuma ba su wuce wata uku da fara neman ciki ba. An raba su gida biyu: masu AMH ƙasa da nanogiram 0.7, da masu adadin da ake ɗauka daidai.

Bayan wata shida, kashi 65 cikin 100 na masu ƙarancin AMH sun sami ciki, su kuma masu adadi daidai kashi 62. Bayan shekara guda, kashi 84 da kashi 75. A ƙa'idar lissafin bincike babu wani bambanci na gaske a tsakaninsu. Hawan FSH ma bai rage damar samun ciki ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Jikin mace ƙwai ɗaya yake saki a wata, ko dubu ɗari ne a ajiye ko dubu biyar. Muddin ana sakin wannan ɗayan, hanyarsa a buɗe take, kuma maniyyin miji lafiya lau ne, yawan waɗanda ke jiran layi bai shafi wannan watan ba. Saboda haka ne a 2019 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da AMH wajen yi wa macen da ba ta da matsalar haihuwa hasashen yaushe za ta sami ciki ko yaushe al'adarta za ta ɗauke.

Akwai kuma abubuwan da ke karkatar da lambar. Maganin tazarar haihuwa mai ɗauke da homon yakan sauke AMH na ɗan lokaci, ya dawo bayan an daina. Larurar PCOS, wadda ke zuwa da rikicewar al'ada da kuraje da fitowar gashi a fuska, takan ɗaga shi ninki biyu ko uku, alhali mai ita tana iya yin watanni ba ta saki ƙwai ba. Ke nan lamba mai yawa ma ba takardar shaidar haihuwa ba ce.

Inda shekaru suke aikinsu

Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam tana ɗauke da sandunan gado 46, waɗanda masana ke kira kuromozom. Rabi daga uwa suke zuwa, rabi daga uba. Domin ƙwai ya rage nasa zuwa 23, dole ya rabu gida biyu daidai. Wannan rabuwa tana farawa ne tun mace tana cikin mahaifiyarta, sai ta tsaya a tsakiya, ba ta ƙarasawa sai a watan da za a saki ƙwan. Ƙwan da aka saki a shekara 20 ya yi jiran shekara 20. Wanda aka saki a shekara 42 ya yi jiran shekara 42, kuma a tsawon wannan jira sinadarin da ke riƙe sandunan wuri guda yakan saki. Idan an zo rabo, sai wani ɓangare ya tafi da 24, wani da 22.

Ɗan tayin da aka samu daga irin wannan ƙwai galibi ba ya kama mahaifa. Idan ya kama, sau da yawa yakan zube a watannin farko. Kaɗan daga ciki sukan kai haihuwa da larura irin ta Down.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014 ya duba 'yan tayi 15,169 da aka samu ta hanyar dashe. An ga cewa matsalar sandunan gado ta fi ƙaranci tsakanin shekara 26 da 30. Cikin mata masu shekara 26 zuwa 37, kashi 2 zuwa 6 cikin 100 ne kawai suka rasa ɗan tayi lafiyayye ko ɗaya a cikin waɗanda aka haɗa musu. A shekara 42 adadin ya kai kashi 33, a shekara 44 kuma kashi 53.

Ɓari ma haka yake bi. A ƙasar Nowe an bibiyi ciki sama da 421,000 tsakanin 2009 da 2013. Ɓari ya fi ƙaranci a shekara 25 zuwa 29, kimanin kashi 10 cikin 100, ya fara hawa bayan shekara 30, har ya kai kashi 53 ga masu shekara 45 zuwa sama.

Babu gwajin jinin da ke auna wannan ɓangare. Mace mai shekara 28 da AMH ɗinta ya yi ƙasa tana da ƙwai kaɗan, amma mafi yawansu masu kyau ne. Mai shekara 42 da nata ya yi sama tana da ƙwai da yawa, amma mafi yawansu sun sami matsala. Manomi ya san cewa cikar rumbu daban, irin da zai tsiro idan an shuka daban.

Alƙaluman dashen ciki

Dashen ciki na IVF shi ne a ba mace allurai na kimanin kwana goma zuwa sha biyu domin ƙwai da yawa su nuna a lokaci ɗaya, a ciro su, a haɗa su da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a mayar da ɗan tayi cikin mahaifa. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya, Louise Brown, ranar 25 ga Yuli, 1978 a garin Oldham na Ingila.

Birtaniya tana da hukuma mai suna HFEA wadda doka ta wajabta wa kowane asibiti ya kai mata rahoton kowane dashe, shi ya sa alƙalumanta suke cikin mafi inganci a duniya. A 2019, cikin kowane ɗan tayi 100 da aka dasa wa mata da ƙwansu, an sami haihuwa 32 ga 'yan ƙasa da shekara 35, da 25 ga masu 35 zuwa 37, da 19 ga masu 38 zuwa 39, da 11 ga masu 40 zuwa 42, da 5 ga masu 43 zuwa 44.

Wani nazari na 2015 a kan mata 156,947 a can ya duba abin da maimaitawa ke haifarwa. Ga 'yan ƙasa da shekara 40, zagayen farko ya ba da haihuwa kashi 32 cikin 100, jimillar zagaye shida kuma aka kimanta ta da kashi 68. Ga masu 40 zuwa 42, zagayen farko kashi 12, zagaye shida kashi 31 da rabi. Ga waɗanda suka haura 42, kowane zagaye bai kai kashi 4 ba.

Abu mafi ɗaukar hankali a nazarin shi ne, matan da aka dasa wa ƙwan wata mace matashiya ba a ga shekarunsu sun rage musu nasara ba. Wannan ya nuna cewa tsufan da ke hana haihuwa a ƙwai yake, mahaifa kuwa tana iya riƙe ciki har bayan shekara 40, duk da cewa haɗarin hawan jini da ciwon suga na masu ciki yana ƙaruwa.

Inda gwajin yake da amfani na gaske

A wajen dashe ne AMH yake da ƙima, domin a nan yawa yana da muhimmanci. Nazarin zagayen dashe 400,135 da aka buga a 2011 ya nuna cewa damar haihuwa tana ƙaruwa da yawan ƙwan da aka ciro har zuwa wajen 15, ta tsaya tsakanin 15 da 20, sannan ta fara sauka. AMH yana taimaka wa likita ya san tun kafin a fara ko ƙwai nawa ake sa ran samu, da yawan maganin da ya dace.

Idan sinadarin ya yi yawa, akwai haɗarin allurai su kumbura ma'ajiyar ƙwai fiye da kima, ruwa ya taru a ciki da ƙirji, abin da kan kai ga kwanciya asibiti. Sai a rage magani. Idan ya yi ƙasa, ma'aurata suna da haƙƙin a gaya musu kafin su biya cewa wataƙila ƙwai biyu ko uku za a samu, ko ma a dakatar da zagayen. Ƙa'idar da ƙungiyar masana haihuwa ta Turai ta fitar a 2011 ta sa iyakar ƙaranci tsakanin nanogiram 0.5 da 1.1. Wata ƙa'idar ta 2016 ta ƙara raba masu ƙarancin gida biyu, 'yan ƙasa da shekara 35 da waɗanda suka kai, domin lamba ɗaya tana da ma'ana biyu gwargwadon shekaru.

Gwajin yana da amfani kuma ga waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewar ƙwai da wuri: wadda za a fara wa maganin cutar daji, wadda aka yi wa tiyata a ma'ajiyar ƙwai, wadda al'adar mahaifiyarta ko yayarta ta ɗauke kafin shekara 40, da mai shan taba. Aƙalla mace ɗaya cikin 100 al'adarta na ɗaukewa kafin shekara 40. Bincike ya kuma nuna cewa mata masu amosanin jini sukan sami AMH ƙasa da na tsararrakinsu. Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye, ƙasar da ake haifar yara kimanin 150,000 masu sikila a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Har yanzu babu wani magani, na asibiti ko na gargajiya, da aka tabbatar yana mayar da ƙwan da ya ƙare ko yana gyara wanda ya tsufa. Duk mai tallar haɗin ƙara ƙwai, kuɗin mai saye ne kawai yake da tabbacin samu.

Daskararwa, ƙwan wata, da matsayin malamai

Hanyoyi biyu ne kimiyya ta samar na kauce wa tsufan ƙwai. Ta farko ita ce a ciro ƙwan mace tun tana da ƙuruciya a daskarar da shi. A 2012 ƙungiyar masana haihuwa ta Amurka ta daina ɗaukar wannan hanya a matsayin gwaji. Amma ita ma shekaru ne ke mulkinta. Wani lissafi da masana a Boston suka buga a 2017 ya kimanta cewa wadda ta daskarar da ƙwai 20 tana da shekara 34 tana da damar kashi 90 cikin 100 ta samun aƙalla ɗa ɗaya da su, mai shekara 37 kashi 75, mai shekara 42 kashi 37.

Ta biyu ita ce karɓar ƙwan wata mace. A nan ne batun ya haɗu da addini. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halatta dashen ciki matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da wannan matsayi a zamanta na birnin Amman a 1986, tare da haramta shigar mutum na uku, ko da ƙwai, ko da maniyyi, ko da aron mahaifa, saboda kiyaye nasaba. Wannan ne matsayin jumhurun malaman Sunna.

Ma'anar wannan ga mafi yawan iyalai a Arewa ita ce, hanyar da matan wasu ƙasashe ke komawa gare ta bayan shekara 42 ba tasu ba ce. Wanda ƙofa ɗaya ta rage masa, shi ya fi kowa buƙatar ya isa da wuri.

Inda lokaci yake zubewa a Najeriya

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na Afrilun 2023 ya ce mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma bambancin ƙasashe masu arziki da matalauta kaɗan ne: kashi 17.8 da kashi 16.5 cikin 100. A Najeriya yawan haihuwa yana rufe wannan matsala. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace tana haihuwar yara 5.3 a matsakaici, a Arewa maso Yamma kuma 6.6. A cikin al'ummar da kowane mako ake suna, wadda ba ta haihu ba ita ce ke shan gorin dangin miji, a kira ta juya, a yi mata kishiya ko a ba ta takarda.

A Arewa, inda mafi yawan 'yan mata ke aure kafin shekara 20, ba tsufan ƙwai ne ke fara kawo matsalar ba. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya gano cewa fiye da kashi 85 cikin 100 na matan Afirka da aka duba, matsalarsu ta samo asali ne daga kamuwa da ƙwayoyin cuta. Ciwon sanyi da ba a magance ba, ko cutar da ta biyo bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta, sukan toshe hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Sannan a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, namiji yana da kaso a matsalar, kuma gwajin maniyyi yana cikin mafi sauƙi da araha.

Shekaru suna shigowa ne ta hanyar jinkiri. Yarinyar da aka gano toshewar hanya tana da shekara 24 tana cikin rukunin da dashe ya fi yi wa aiki. Idan aka shafe shekara goma sha biyar ana zagaye tsakanin masu saiwa da masu tallar magani a rediyo, miji kuma ya ƙi zuwa gwaji, za ta isa asibitin ƙwararru tana da shekara 39, da matsala biyu maimakon ɗaya. Ƙa'idar likitoci a bayyane take: 'yar ƙasa da shekara 35 ta nemi bincike bayan shekara ɗaya ana tare ba ciki, mai 35 zuwa sama bayan wata shida, wadda ta kai 40 kuwa ba tare da jira ba. Wadda al'adarta ke rikicewa ma ba ta da dalilin jira. Kuma su biyu ake dubawa.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da ƙasar nan. Binciken 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Mutane da yawa ba su san shekarunsu na haƙiƙa ba, wasu kuma sun rage su a takardar rantsuwar kotu domin hidimar ƙasa, wadda ke da iyakar shekara 30, ko domin neman aiki. Likitan da aka ba shekarun takarda zai yi lissafi a kan mace mai shekara 34 alhali mai 39 ce a gabansa. A ɗakin likita shekarun gaskiya ake faɗa.

Tambayar da ke gaban hukumomi

Dashen ciki ba baƙo ba ne a Najeriya. Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara aikin a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tun shekarun 1980, kuma a 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. Asibitocin gwamnati kaɗan, kamar Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, suna da sashen dashe. Mafi yawan cibiyoyin na 'yan kasuwa ne, kuma sun taru a Legas da Abuja da Fatakwal.

Zagaye ɗaya yana cin miliyoyin naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun 2024 yake naira 70,000. Inshorar lafiya ta ƙasa ba ta ɗaukar nauyin dashe, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Ma'aurata sukan yi shekaru suna tari, kuma kowace shekarar tari tana rage darajar abin da za su saya.

Ta fuskar doka, an sha gabatar da ƙudurorin tsara wannan fanni a Majalisar Tarayya, jihar Legas kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019. Abin da ƙasar ta fi rasa shi ne irin tsarin Birtaniya, inda dole kowace cibiya ta bayyana sakamakonta ga hukuma, a wallafa shi bisa rukunin shekaru. Idan babu wannan, asibiti yana iya tallar nasarar kashi 60 ba tare da ya faɗi ko gwajin ciki ya ƙirga ko jariri a hannu, ko matan 'yan shekara nawa ne, ko da ƙwan wa aka yi. A ƙarshen 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya bankaɗo wasu asibitocin bogi a jihar Anambra da ke karɓar kuɗin mata, a yi musu alluran da ke kumbura ciki, a ce ciki ne da sikanin ba ya gani, daga baya a miƙa musu jariran da aka sayo. Irin wannan kasuwa tana bunƙasa ne inda matsin gori ya haɗu da rashin sa ido.

Matakan da suka fi araha ba sa buƙatar ɗakin dashe: magance ciwon sanyi da wuri a asibitocin matakin farko, haihuwa a hannun ƙwararru, sanya gwajin maniyyi da binciken hanyoyin ƙwai cikin abin da inshora ke biya, da koyar da matasa maza da mata yadda shekaru ke shafar haihuwa. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika alƙawarin ba.

Kafin hukumomi su motsa, ma'auratan da aka miƙa wa takardar AMH suna da tambayoyi uku da ya kamata su yi wa likita: mene ne ma'anar wannan lamba ga mace mai waɗannan shekaru, an duba hanyoyin ƙwai da maniyyin miji, kuma cikin mata 100 masu irin shekarunta da aka yi wa dashe a wannan cibiya da ƙwansu, nawa ne suka koma gida da jariri. Cibiyar da ta kasa amsa ta ukun ba ta cancanci a miƙa mata kuɗin gado ba.